TAKALMI YA JIƘE A KAN KEKE: YAYA ZA A SHANYA SHI?

'Yan'uwa manoma, duk wanda yake hawan keke tsakanin Samaru da Sabon Gari da damina ya san abin da za mu yi magana a kai. Mutum ya tashi da safe gari garau, ya ɗaura buhun masara ko kwandon kayan miya a kariya, ya bi ta Zango, ya wuce Palladan da Kwangila, ya isa kasuwar Sabon Gari lafiya lau. Da la'asar yana kan hanyar komowa sai hadari ya taso daga gabas. Kafin ya sami rumfar da zai fake, ruwa ya sauko. Ya isa gida takalmi ya sha ruwa har ya ƙoshi, ga shi kuwa gobe da sassafe sai ya sake hawa, ko zuwa aiki, ko kasuwa, ko sujada.

Me yakan yi? Yawancinmu sai mu miƙa wa uwargida takalmin, mu ce ta kara shi a bakin murhu. Da safe a tarar ya bushe, amma ya ƙandare kamar ƙirgi, baki ya ɗage sama, ƙasa ta fara ɓamɓarewa. Kafin kaka takalmin ya mutu, sai a ce ai kayan zamani ba su da ƙarko. Sau da yawa ba laifin takalmin ba ne. Ruwa ya jiƙa shi, wuta kuwa ita ta kashe shi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, waɗansu cikinmu da suka jingine kekunansu sun sake fito da su. Kuɗin takalmi ma bai tsaya ba. Saboda haka ya kamata mu san yadda za mu riƙe wanda muke da shi. Maganar a taƙaice ita ce: iska ce take shanya takalmi, tare da haƙuri. Ga bayanin dalili, ga kuma yadda ake yi.

DON ME TAKALMI YAKE WUYAR BUSHEWA DA DAMINA?

Gidan gona na Samaru, wanda aka kafa a 1922, ya daɗe yana auna ruwan sama. A shekara Samaru takan sami ruwa kamar inci 40, wato milimita 1,000 ko fiye kaɗan. Kusan dukansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Oktoba, watan Agusta kuwa ya fi kowane wata ruwa. Tafiya daga Samaru zuwa Sabon Gari ta haura kilomita 10. Mai keke da kaya yakan yi kusan awa guda a hanya, saboda haka da wuya ya ƙare damina ruwa bai kama shi ba sau da dama.

Iska kamar tsumma take. Busasshen tsumma yana shan ruwa maza, jiƙaƙƙe kuwa ba ya sha. Lokacin hunturu iska a bushe take ƙayau, shi ya sa in mata suka yi shanya, kafin a jima wanki ya bushe. Lokacin marka kuwa iskar kanta ta riga ta cika da laima, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwa sai kaɗan kaɗan. Ga shi kuma takalmi sau-ciki kamar tulu yake, baki ɗaya gare shi. Iskar da ke ciki takan cika da laima nan da nan ta tsaya cik. In ba a fitar da ita wata sabuwa ta shiga ba, ko kwana uku takalmin ya yi a ƙarƙashin gado, wajen yatsu yana nan a jiƙe.

Abu biyu ke nan ake bukata. Na ɗaya, a jawo ruwan daga ciki da wani abu mai tsotso. Na biyu, a sa takalmin inda iska take kaɗawa.

ABIN DA WUTA TAKE YI WA FATA

Fata ƙananan zaruruwa ce da suka saƙu da juna. Majemi yakan jeme ta da bagaruwa don kada ta ruɓe, sa'an nan ya shafa mata mai don zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna, fatar ta yi laushi. A masana'antu da wani gishirin magani ake jima, amma su ma sai sun sa mai. Nan Samaru akwai makarantar binciken fata da ƙiraga, wadda aka fara aikinta a 1964. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da masanan fata suke yi shi ne su sa guntun fata a ruwa, su riƙa ƙara zafi har su ga inda za ta tsuke. Fatar da aka jeme da bagaruwa da ire-irenta takan tsuke tun ruwan bai kai ga tafasa ba, wajen digiri 70 zuwa 85. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya saurin lalacewa da zafi nesa ba kusa ba. In kuwa ta tsuke, ta tsuke ke nan, babu man da zai komo da ita.

Kowa ya ga yadda ganda take nannaɗewa in an babbaka ta. Abin da yake faruwa da takalmi ke nan a bakin murhu, sai dai shi a hankali. Gefen da yake fuskantar wuta ya dahu, ɗaya gefen yana jiƙe, sai takalmin ya karkace. Ruwan sama ya riga ya wanke wani sashi na man da ke cikin fatar, wuta kuma ta ƙone sauran. Da an taka sai ya tsage daidai inda yatsu suke lanƙwasawa.

Akwai kuma maganar gam. Yawancin takalman kasuwa na yanzu ba ɗinki ne yake riƙe da ƙasansu ba, gam ne. Zafi yana narka gam, laima kuma tana shiga ta raba sama da ƙasa. Takalman da ake yi da fatar roba, masu kama da fata amma ba fata ba, su kuwa sai su kumbura su fara saɓulewa.

Ga gwaji da za ku iya yi a taron ƙungiya. Ku roƙi baduku guntayen fata biyu iri ɗaya. Ku jiƙa su sosai. Ku kara ɗaya kusa da garwashi, ɗaya ku rataye a inuwa inda iska take. Kashegari kowa ya lanƙwasa su da hannunsa ya gani. Gani ya kori ji.

YADDA AKE SHANYA TAKALMIN FATA

1. Da isarka gida ka tuɓe takalmi da safa nan da nan. Kada ka zauna cin tuwo da su a ƙafa.

2. Ka wanke taɓo tun yana ɗanye, da tsumma da ruwa mai tsabta. Kada ka ji tsoron ƙara masa ruwa, ya riga ya jiƙe. Jar ƙasa in ta bushe a kan fata tana tsotse mai, yashin da ke cikinta kuma yana cin zaren ɗinki.

3. Ka zare igiya duka, ka jawo harshen takalmin waje, ka buɗe bakinsa sosai. In shimfiɗar ciki tana fita, ka fitar da ita ka shanya dabam. Ita ce ta fi riƙe ruwa.

4. Ka kifa shi ruwa ya tsiyaye, sa'an nan ka goge ciki da waje da busasshen tsumma. Kada ka murɗa shi kamar wanki.

5. Ka cusa abin tsotso har can wajen yatsu. Tsohuwar jarida ta fi kyau, a dunƙule ta sako-sako, kada a danna da ƙarfi har takalmi ya buɗe. In babu jarida, tsofaffin takardun makaranta ko busassun tsummoki za su yi. A ƙauye kuwa muna da abin da ya wadatar: a zuba busasshen buntun shinkafa ko ƙaiƙayi a tsohuwar safa, a ƙulle baki, a tura ciki. Busasshiyar totuwar masara ma tana taimako, tana kuma riƙe bakin takalmi a buɗe.

6. Bayan awa 2 ko 3 ka taɓa ka ji. In abin da ka cusa ya jiƙe, ka fitar ka sa wani. Ka sake canjawa kafin ka kwanta. Nan ne mutane da yawa suke kuskure: su cusa jarida sau ɗaya su bar ta har safe. Jiƙaƙƙiyar takarda a cikin takalmi toshe ƙofar iska take yi. In an canja sau biyu ko uku, sai a fitar duka a bar cikin a buɗe.

7. Ka sa shi inda iska take wucewa, amma ruwa ba ya tsiyaya: zaure mai ƙofa biyu, ko baranda, ko kusa da taga. Kada ka ajiye shi a kan daɓe ko siminti, gama ƙasa tana da sanyi da laima, ƙasan takalmin kuwa ba zai sami iska ba. Ka kafa sanduna biyu a bango ka soka takalman a kai, ko ka jingina su a tsaye, diddige a ƙasa. Wanda yake da lantarki ya sa su gaban fanka. Fanka ba ta da zafi, amma tana aiki fiye da murhu.

8. Ka ba shi lokaci. A watan Agusta takalmin fata da ya jiƙe sharkaf yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Ka zura hannu har wajen yatsu. In ka ji sanyi-sanyi, da saura.

9. In ya kusa bushewa sarai, ka mayar masa da man da ruwa ya wanke. Man kaɗe kaɗan a tsumma ya isa, a murza sosai, musamman a bakin ɗinki da inda yake lanƙwasawa. A bari ya sha, a goge, sa'an nan a sa man takalmi na gwangwani a bi da buroshi. Man kaɗe yakan ɗan duhunta fata mai haske. Kada a sa baƙin mai na inji, ko kananzir, gama suna lalata fata da gam. Man gyaɗa kuwa yakan yi wari ya jawo ɓera da kyankyaso.

To, ɗumi fa, haram ne gaba ɗaya? A'a. Ɗumi kaɗan yana taimako. Ga ma'auni: ka sa bayan hannunka inda za ka ajiye takalmin. In za ka iya barinsa nan muddin kana so ba tare da jin zafi ba, wurin ya yi. In sai ka janye hannu, ka matsar da takalmin. Rataye shi a bangon madafa nesa da harshen wuta ba laifi. Haka kuma hantsi mai sauƙi na ɗan lokaci. Amma kada a kifa takalmin fata a kan rufin kwano da tsakar rana.

Gargaɗi guda mai nauyi: kada kowa ya shigar da kaskon gawayi ɗakin kwana ya rufe ƙofa da taga don ya shanya takalmi ko tufafi. Garwashin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kashe mutane cikin barci. Babu takalmin da ya kai ran mutum.

KAMBAS DA TAKALMIN ROBA

Kambas na 'yan makaranta ya fi sauƙi. A wanke shi da sabulu, a ɗauraye sosai, a matse cikin tsumma, a cusa takarda, a rataye da igiyarsa inda iska take. Yana jure rana fiye da fata, amma ƙasansa da gam aka manne, saboda haka shi ma a nisanta shi da wuta. Farin kambas a cusa masa farar takarda, don tawadar jarida tana zuba.

Dogon takalmin roba na shiga fadama ba ya shan ruwa, amma in ruwa ko gumi ya shiga, ba ya fita. A ɗauraye cikinsa, a goge, a kifa shi a kan sanda yadda bakinsa ba zai taɓa ƙasa ba. Rana mai zafi tana sa roba ta tsattsage, sai a ajiye shi a inuwa.

Ko wane irin takalmi ne, ka kakkaɓe shi kafin ka sa ƙafa. Da damina kunama da ƙananan macizai suna neman wurin ɓuya, takalmin da ya kwana a zaure kuwa ɗaki ne a gare su.

BA TAKALMI KAƊAI BA, HAR ƘAFA

Wani zai ce, ai in ya jiƙe sai in sa shi haka nan, ya bushe a ƙafata. Wannan dabara ita ce take kawo cin ruwa. Ƙafar da ta yini cikin laima da ɗumi, tsakanin yatsunta yakan yi fari, ya yi laushi, ya tsage, ga ƙaiƙayi ga wari. Wata irin funfuna ce take kawo shi, 'yar'uwar wadda take fitowa a kan takalmin da aka jefa a lungu. Ta cikin tsagar nan waɗansu ƙwayoyin cuta sukan shiga, ƙafa ta kumbura, mutum ya kwanta daidai lokacin noma na biyu ko sa taki. Kwana biyar a kwance a watan Yuli ba ƙaramar hasara ba ce ga manomi.

Saboda haka in ka tuɓe takalmi, ka wanke ƙafa da sabulu, ka goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka maimaita jiƙaƙƙiyar safa. In cin ruwa ya kama ka, je ɗakin magani a ba ka man shafawa, ka yi ta shafawa har iyakar kwanakin da aka faɗa maka, ko da ƙaiƙayin ya daina. In ƙafa ta yi ja, ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, kada a kwana, a tafi asibiti.

Akwai 'yan'uwanmu da ya kamata a ƙara lura da su, wato masu ciwon suga da waɗanda suka taɓa yin ciwon kuturta. Da yawansu ƙafarsu ba ta jin zafi sosai. Takalmin da wuta ta ƙandarar zai goge musu fata har ya yi gyambo ba su sani ba. Takalmin da aka ɗauko daga bakin murhu ma yana iya ƙona su. Su riƙa laluba cikin takalmi da hannu kafin su sa, su duba tafin ƙafa kowace yamma, ko wani na gida ya duba musu. In an ga ko ɗan ƙaramin rauni, a je asibiti. Masu larurar kuturta suna da asibitin Saye nan kusa da Zariya.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba duk ruwan da yake jiƙa takalmi ne daga sama yake zuwa ba. Mai yawa daga ƙasa yake, tayar gaba ce take ɗebo shi ta watsa daidai kan feda. Shi ya sa ko bayan an ɗauke ruwa mutum yakan isa da jiƙaƙƙen takalmi. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da cikakken madigadi suke zuwa, wato murfin taya. Samari sukan cire shi don ado, kada ku yarda. In naka ya karye ka gyara. Ka kuma yanko guntun tsohon tub mai faɗin tafin hannu, ka ɗaura a ƙarshen madigadin gaba ya sauko kusa da ƙasa. Ba ya cin ko kwabo, amma yana tare yawancin feshin.

In ka ga kududdufi ka rage gudu, ko ka sauka ka tura. Ba ka san ramin da ke ƙarƙashi ba, birki kuma ba ya kamawa sosai in ƙarfen taya ya jiƙe.

Dabarar da ta fi duka ita ce takalmi biyu: na hanya da na isa. Na kirkin ka ƙunshe shi a leda tare da safa da ɗan tsumma, ka ɗaure a kariya. Ka hau keke da takalmin roba ko na taya mai maɗauri a diddige, wanda ko ya jiƙe sai a girgiza a goge. In ka isa ofis, ko kasuwa, ko majami'a, ka goge ƙafa ka canja. Silifas marar maɗauri yana zamewa a kan jiƙaƙƙen feda, haka ma ledar da ake ɗaurawa a kan takalmi. Tuƙi ba takalmi kuwa neman rauni ne, ga ƙusa, ga kwalba, ga sarƙar keke.

Wanda aikinsa ya tilasta masa sa sau-ciki kullum, in da hali ya tanadi biyu yana musanyawa, ɗaya a ƙafa ɗaya yana shan iska. Tun farkon damina kuma, a watan Mayu, ka shafe takalmi da mai, ka kai wa mai gyara ya bi ƙasansa da ɗinki tun gam bai saki ba. Ɗinkin yau ya fi sayen sabo araha.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ga shawarwari uku da za ku tattauna a taronku na wata.

Na ɗaya, a kafa katako mai turaku a barandar majami'a ko ta ɗakin ajiyar ƙungiya, inda masu zuwa daga nesa za su rataye takalma da rigunan ruwa.

Na biyu, in za a sayi taki da iri a dunƙule, a haɗa da takalman roba a farashin sari, mambobi su biya da kaka. Zumuntar mata kuma za ta iya sayo man kaɗe da yawa ta rarraba a ƙananan gwangwanaye, ribar ta shiga asusu.

Na uku, a tuna da masu bishara da malaman makarantar Lahadi da suke zagaya ƙauyukan wajen Bomo, Shika da Basawa a kan keke. Yawancinsu takalmi ɗaya gare su, kuma ba za su roƙa ba. Ikkilisiyar da ta saya wa mai bishararta takalmin hanya ta taimaki aikin da hannunta.

A cikin littafin Maimaitawar Shari'a sura 29, Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa shekara 40 suka yi a jeji takalmansu ba su tsufa ba. Wannan aikin Allah ne na musamman. Mu kuwa ya ba mu hankali da hannu mu lura da abin da ya danƙa mana, babba da ƙarami. Kuɗin da bai tafi wajen sabon takalmi ba, shi zai tafi wajen taki ko littafin yaro.

Saboda haka in ruwa ya kama ka a hanyar Samaru, ka wanke, ka buɗe, ka cusa, ka canja, ka rataye a iska, ka shafa mai. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu tafiya a hanya. Amin.